Tinnin a Turken Gidanmu

Talata, bayan la'asar

Wannan littafin makarantar Malak ne na bara, rabinsa ba a taɓa ba. Na ƙwace shi ne saboda wadda nake yi wa surutu da yamma ba ta gida. Ma'u matata tana birnin Madani. Ni Mato mai agashe, tsiren ƙasar nan, na kasuwar Hajj Abdalla, wanda ya bar makaranta a aji huɗu bisa shawarar malamai baki ɗaya, yau ni ne da alƙalami. In ta ga wannan rubutun za ta yi dariyar da za ta tsinka mata ɗinki, don haka ba za ta gani ba.

Mu uku ne a gidan yanzu. Ni, da 'yata Malak mai shekara bakwai, da Iya Mero mahaifiyata, wadda ta taso daga ƙarshen hilla, wato unguwarmu, da ƙullin kayanta da butarta don ta kula da mu. Daga zuwanta ta gano ban iya shara ba, ban iya haɗa shayi ba, kuma tun ina yaro haka nake.

Na huɗunmu rago ne. Ma'u ce ta zaɓe shi a hannun makiyaya ranar kasuwa, ta ce a saya da wuri a kiwata, tunda da sauran wata biyu kafin sha'anin da muke jira. Sha'anin bai jira wata biyun ba.

Malak tana tambaya. Tun safe take yi, da Larabci, da Hausa, da ido. Yaushe Inna za ta dawo, me ya sa aka kwantar da ita a bayan motar boksi, me ya sa Habboba, wato kakarta, ta wanke tabarma ta sake wankewa. Na ce Inna ta je ganin yayanta Hashim ne. Ta ce, "Da kuka?" Na ce ai kewarsa ce ta yi mata yawa.

Shi ya sa da zan taso na tsaya wurin mai faifan sidi a bakin kasuwa, na ce ya ba ni abin da zai rufe bakin yaro. Ya miƙo mini wani mai hoton ƙadangare a bayansa, ya rantse nasa 'ya'yan sun manta da shi saboda wannan faifan. Na ce irinsa nake nema.

Laraba, da hantsi

Faifan ya yi aiki. Zane ne mai motsi, irin na yara. Wani gari ne a kan dutse inda sanyi yake kashe wutar murhu, da wata yarinya 'yar mai gasa burodi, idanunta kamar kofin shayi. Ta leƙa tsohuwar rijiya ta tarar da tinnin a ciki. Tinnin wani ƙaton ƙadangare ne mai fukafukai, sana'arsa aman wuta, amma wannan mura ta kama shi, wutarsa ta mutu, sai hayaƙi da majina. Mai gari da mutanensa suna nemansa da masu, ita kuwa tana sato masa barkono a aljihu har wutar ta dawo. A ƙarshe shi ya kunna musu tanderun garin duka, kowa ya rungumi kowa, har mai garin.

Ni abin da na gani shi ne dabbar da ke ba da garwashi ba tare da gawayi ba. Da ina da ɗaya a bayan teburina, da tuni ina da shago a Hartum mai fanka.

Matsalar ita ce da Larabcin littafi suke magana, har shi tinnin ɗin. Yana atishawa yana jawabi kamar liman a kan mumbari. Malak tana ganewa saboda makaranta. Iya Mero kuwa, da aka haifa a ƙasar nan ta tsufa a cikinta, har yau Larabcinta na sayen albasa ne. Ta zauna da niyyar tsine wa talabijin, sai ga ta tana zungurina da carbi.

"Mi yac ce?"

"Ya ce sanyi yake ji, Iya."

"To su ba shi bargo mana. Ɗiyar ga ba ta da uwa ne, da anka bar ta tana shiga rijiya?"

Malak ta juyo ta dube ni. Na ce uwar ta je ganin yayanta.

Alhamis, da azahar

Sun kalla, sun sake kalla, sai da kahraba, wutar lantarki, ta ɗauke suka tuna da abinci. Hashim ya kira. Ya ce ana nan dai.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

An raɗa suna a gidan nan. Rago ne ya fara samu.

Sunansa Tinnin. Malak ta ji yana tarin nan na raguna, ta yanke hukuncin cewa wutarsa ce ta mutu. Na shigo na tarar da kwanon yajin agashe a gaban turke. Yajin da na sha daka jiya, ƙuli-ƙuli da barkono da citta da wani abu guda da ko Ma'u ban gaya wa ba. Ragon ya yi atishawa har ya zauna a kan gindinsa, sannan ya miƙe ya lashe kwanon tas, ya dube ni yana neman ƙari.

"Baba, ka ga hayaƙi? Wallahi na ga hayaƙi!"

Garin yaji ne ya fito masa ta hanci. Na ce na gani.

Na tafi kasuwa da nama da gishiri kawai. Wani direban lori ya ci yanka ɗaya, ya tauna a hankali, ya tambaye ni ko likita ne ya hana ni.

Lahadi, da yamma

Na je asibitin Madani. Hafila, motar haya, ta cika, aka zaunar da ni a kan buhun albasar wani, na isa ina ƙamshin miya. Ma'u ta rame, amma bakinta yana nan. Ta tambayi Malak, ta tambaya ko ana ba rago dusa, ta tambaya wa ya ɗinke aljihun farar jallabiya da baƙin zare. Ni ne.

Daga nan Hashim ya raka ni ɗaya ɗakin. Ba a shiga, ta taga ake gani. Akwatunan gilashi a jere, da fitilu, da igiyoyi. Aka nuna mini na kusa da bango. Ni mai nama ne, ina sanin nauyin abu da ido, kuma ban so abin da idona ya gaya mini ba. Na matsa bakina jikin taga na yi kiran salla a hankali. Wata sista ta ce, "Ya hajj, ba ya jin ka daga nan." Na ce na sani.

Da na koma na ce wa Ma'u ya ɗauko hancina. Ta ce shi ya sa suka rufe shi. Ta yi dariya tana riƙe da ciki, sannan abin ya daina zama dariya, na fita neman ruwan sanyin da ba wanda ya aike ni.

Da zan tafi ta ce kada a yi komai sai sun shigo gida su biyu. Rago ya jira.

Litinin, da safe

Yau ce ranar suna, da abubuwa sun tafi daidai. Da yanzu ƙofar gida ta cika da takalma. Malam Abdulmuttalib, limamin hillarmu, ya leƙo ya ce akwai malaman da suka ba da damar jinkirtawa, ya sha shayi, bai tambayi komai ba. Allah ya saka masa.

Na ba rago dusa. Ya taka mini ƙafa.

Laraba, da la'asar

Tinnin ya yi fukafukai. Kwalin sabulu ne aka yanka, aka ɗaure masa da igiyar shanya. Ya cinye na hagu kafin azahar, yanzu yana yawo da ɗaya kamar mutumin da ya manta takalmi a masallaci.

Iya Mero ta daina neman fassara, ta haddace. Tun kafin mai gari ya shigo da mashi take gargaɗin yarinyar: "Ɓoye shi, ga azzalumin nan tahe!" An aiko kiranta gidan biki ta ce ƙafa tana ciwo. Ƙafar nan na gan ta tana rawa lokacin da tanderu suka kama.

Ɗanjuma maƙwabcinmu, mai gona a bakin tur'a, magudanar ruwan noma, ya shigo kallo kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana zawarcin talabijin ɗina da injin sidi, kullum sai ya shafa su kafin ya gaishe ni. Yau da zai fita ya dafa bayan rago ya ce, "Ya zol, wannan ya yi kitse. Yaushe za mu ci shi? Haƙorana sun gaji da jira."

Na yi masa ido. Ɗanjuma ba ya gane ido, sai an buga masa ganga.

Malak ta ce, "A ci wa?"

"Ragon suna mana, 'yata. Ranar simaya babanki zai..." Ya ja yatsa a wuya, har da ƙara, don kada ta ɓata wajen fahimta.

Ta ce, "Simayar wa?"

Iya ta ce yara ba su tambayar wanga. Ni na ce Ɗanjuma wasa yake yi. Malak ta ce in rantse. Na tuna ina da aiki a waje.

Da na dawo tana zaune tsakanin turke da ɗakin da nake ajiye wuƙaƙe, da muciya a hannu.

Alhamis, bayan magariba

Malak ta yi salla a bayan Iya, da mayafi har ƙasa. Da suka sallame ta ɗaga hannu, ta ɗaga murya yadda zan ji daga inda nake wasa wuƙar aiki. Na yarda ban zaɓi lokacin wasa wuƙa da kyau ba.

"Ya Allah, kada a yi simaya a gidanmu. Kada a taɓa yi, har abada."

Iya Mero, wadda bakinta yake cewa amin ko atishawa aka yi, ta buɗe shi ta mayar ta rufe.

"Baba, ba ka ce amin ba."

Na ce da goro a bakina. Ni ba na cin goro, kuma ta sani.

Juma'a, da yamma

Hashim bai kira ba. Na kira, wayarsa a kashe. Wayar Hashim tsohuwa ce, ba ta riƙe caji. Kowa ya san ba ta riƙe caji.

Asabar, da safe

Ya kira. Ya ce an ƙara igiya ɗaya. Ban tambayi ta mece ce ba.

Asabar, da azahar

Na ƙona nama. Ni.

Lahadi, bayan magariba

Ta sake addu'ar. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ta rufe mini baki, da muryar da nake korar karnuka daga tebur. Na zare wayar talabijin na naɗe na sa a aljihu, kamar talabijin ce ta yi addu'ar. Malak ta dube ni yadda yarinyar faifai take duban mai gari. Ta ja bargonta ta koma gindin turke.

Iya ta ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

"To maido waya. Ni ban yi maka komi ba."

Ban mayar ba. Mutum yana bukatar ya yi nasara a kan wani abu.

Litinin, da la'asar

Na dawo daga kasuwa na tarar gidan shiru, ko ragon bai gaishe ni ba. Iya tana gaban murhu tana yin kisra, wainar dawa mai faɗi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na gaya mata."

Na ce me.

"Abin da kai da gemunka ka kasa. Na ce tana da ƙane, ya zo da wuri, yana kwance cikin gilas. Na ce ragon nashi ne. In anka yanka rago, ya dawo gida ke nan. In ba a yanka ba..." Ta ɗaye kisra ta jefa a faifai.

Na ce, "Iya, yarinya ce fa."

"Yarinya ce, ba akuya ba."

Na sami Malak a bayan ɗaki, ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta ci abincin rana ba. Na tsuguna, gwiwata ta yi ƙara, na yi tsammanin za ta yi dariya kamar kullum. Ta ce, "Baba, sau da yawa na yi."

"Me kika yi?"

"Addu'ar. Har wadda ba ka ji ba. Ni ce na hana shi dawowa?"

Na ce a'a. Na ce a'a da Hausa, na ce da Larabci. Ba ta yarda ba, don ta ga yadda nake cewa a'a a kan sauran abubuwa. Na laluba aljihuna duka ina neman abin dariya, ban samu ba sai wayar talabijin.

Talata, bayan azahar

Malam Abdulmuttalib ne ya rako ta gida, yana riƙe da hannunta, yana cizon gemu don kada dariya ta ƙwace masa. Ban ma san ta fita ba. Wai ta same shi a ƙofar masallaci, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta zo karɓar addu'arta, ta fasa.

Ya ce mata, "Ni kika ba?"

Ta ce a'a, sama ta aika, amma tunda shi ne ya fi kowa kusa da wurin a hillar nan, ko zai sa baki.

Ya ce ya gaya mata ba a karɓo addu'a, amma Wanda ake roƙo ya san abin da yaro yake nufi tun bai buɗe baki ba, kuma ba ya kama yara da kuskure kamar malamin Larabci. Ya tambaye ta me take so na gaskiya. Ta ce tana son ƙanenta ya dawo. Sannan ta ce kuma tana son Tinnin. Ya ce to ta roƙi duka biyun, ba da mudu ake bayarwa ba.

Da ta shige ciki na ce, "Allah gafarta Malam, ka haɗa ni da aiki. Suna ɗaya, rago ɗaya."

Ya ce, "Mato, ni ban ce kai za ka amsa ba."

Laraba, bayan magariba

Ta ci abinci, har ta lashe hannu. Na mayar da waya, Iya ta karɓa ba godiya. Sabuwar addu'ar doguwa ce, akwai ƙanenta, akwai Inna, akwai Tinnin, akwai neman kada kahraba ta dinga ɗaukewa a daidai wurin barkono. Na ce amin da ƙarfin da ya sa jakin Ɗanjuma ya amsa ta katanga.

Alhamis, da hantsi

Hashim ya ce ana nan dai. Amma yau ya faɗe shi da wata murya. Ko kuma ni ne nake jin abin da nake so. Na sa ya maimaita, ya ce in daina cinye masa caji.

Juma'a, da la'asar

Malak ta ga ya kamata ta taimaka wa addu'arta. Lissafinta shi ne, in Tinnin ya iya tashi, ranar simaya sai ya hau sama ya jira a gama, ni kuma in san yadda zan yi. Ba ta shawarce ni ba.

Ina dawowa na hangi yaran hilla sun cika bakin tur'a suna ihu. A saman tudun ga ragona, da fukafukai biyu manya, an yi musu ƙashi da karan auduga, an lulluɓe da shuɗin yadi mai zanen azurfa. Na san yadin nan. Tob ɗin Ma'u ne, wato lafayarta, wanda take ɓoyewa a ƙasan akwati, wanda ko ni ba na taɓawa sai na wanke hannu.

Na buɗe baki, suka ture shi.

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa: ya tashi. Iska ta shiga yadin, ƙafafunsa huɗu suka bar ƙasa, na ga mamaki a fuskar rago, abin da ban taɓa gani ba duk shekaruna a cikin nama. Sannan ya faɗa ruwa. Ɗanjuma ya shiga da wandonsa ya jawo shi ta ƙaho, yana cewa a yi hankali da cinya.

Ya fito yana ɗingisa ƙafar baya. Tob ya yage gida biyu. Malak, jiƙe sharkaf, ta ce gudun ne bai isa ba.

A gida na duba ɗinkin fukafukan. Ƙanana ne, a jere, kamar na keken ɗinki. Yaro ba ya ɗinki haka. Na dubi Iya Mero. Ta ce wai me ake ciki da maganar shayi.

Asabar, da safe

An cire igiya biyu.

Lahadi, da azahar

Ya sha. Da kansa, a jikin uwarsa. Hashim ya faɗa yana kuka, ƙaton mutum mai gyaran famfo. Na ce masa ya ji kunya, sannan na ce hayaƙin gawayi ya shiga mini ido, na kashe waya. Na yi ta zuba wa mutane yaji har wani ya roƙe ni in bari.

Talata, da hantsi

Na share gidan. Iya ta bi bayana ta sake sharewa.

Alhamis, da la'asar

Sun zo. Boksi ce dai, amma a gaba Ma'u ta zauna, da ƙulli a ƙirji. Matan hilla suka yi ta guɗa har ragon ya nemi tsinka igiya. Ni na ɗauko jaka, na ɗauko buta, na ɗauko duk abin da ba shi da rai.

Malak ta leƙa cikin zanen ta daɗe. Ta ce, "Bai kai Tinnin kyau ba." Ta sake leƙawa. "Amma zai gyaru."

Na matso, Iya ta tare ni da hannu, ta ce ba mai taɓa mata jika da hannun barkono, in jira.

Ma'u tana shiga ɗaki idonta ya faɗa kan igiyar shanya. Ta tsaya.

"Mato, wancan shuɗin abin mene ne?"

Na ce doguwar magana ce, kuma tana bukatar hutu.

"Tob ɗina ne?"

Na ce rabinsa.

Aka ba ta labari, kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi ragon ta taga, ta ce in ba don tana jego ba da ita za ta riƙe masa ƙafa.

An sa simaya Litinin.

Asabar, bayan la'asar

Malak ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Da safe ta yi wa Tinnin wanka da sabulun jariri, ta taje masa gemu. Da Malam ya zo duba dabba kamar yadda ake yi, ita ta kwance shi ta kawo. Ta miƙa mini igiya ta ce, "Na gaya masa. Ya ce ba komai." Ta tsaya a wurin, ba ta gudu ba.

Ni da nake yanka tun kafin a haife ta, na riƙe igiyar nan kamar maciji aka ba ni.

Malam ya duba haƙora, ya duba ido, ya murza kunne. Ya ce a zaga da shi. Ɗingishin nan ya warke tun shekaranjiya. Ragon ya zaga tsakar gida kamar soja ranar fareti.

Malam ya ce a sake. Aka sake. Ya shafa gemu.

"An ce ya faɗa tur'a?"

Na ce ya faɗa.

"Na gan shi ranar Lahadi yana jan ƙafa. Dabba mai ɗingishi ba ta isar wa yankan suna. Yau kuwa ban ce yana yi ba, ban ce ba ya yi ba. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, kuma ba na son in raɗa wa yaron nan suna a kan shakka."

Iya Mero, wadda sai an zura mata zare a allura in ta ga dama, ta ce ita tun daga nan take ganin ɗingishin. Na ce wace ƙafa. Ta ce ba aikina ba ne.

Ma'u ta ɗago murya daga ɗaki ta ce ita ba ta gani ba, amma ta ji shi a takunsa. Matar da shekaranjiya za ta riƙe masa ƙafa.

Ɗanjuma ya ce, "Ni fa wallahi ban ga wani..."

Malam ya ce, "Ɗanjuma, ragon nan naka na layya yana nan?"

Ɗanjuma ya ce yana nan. Ya dubi Malam, ya dube ni, sannan a hankali kansa ya juya ya dubi talabijin. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya gane magana ba ganga.

Lahadi, da hantsi

Sun yi kallon ban kwana, Iya da Malak, da jaririn a tsakiya yana barcinsa. Daga nan Ɗanjuma ya ɗauki talabijin a ka, injin sidi a hammata, ya fita yana taku kamar mai ɗauke da amarya. Ragonsa ya shigo. Na hana kowa ya dube shi a ido, na hana a kira shi komai.

Malak ba ta ko waiwayi talabijin ba, tana can tana ba Tinnin labarin yadda ya tsira. Iya ce ta raka kayan har ƙofa. Ta ce, "Ɗanjuma, ka shimhiɗa min tabarma wajen inuwa, ina nan tahe bayan la'asar."

Yanzu ina da rago mai cin kwali, mai son yaji, wanda shari'a ta hana ni taɓawa. Na tambayi makiyaya shekara nawa rago yake yi in ba a yanka shi ba. Ba su sani ba, ba su taɓa gwadawa ba.

Litinin, bayan an watse

An yi.

Malak ta ja Tinnin can bayan hilla tun da sassafe don kada ya gani, ta dawo ta ci nama fiye da kowa. Malam ya faɗi suna, mata suka ɗauki guɗa, na gasa agashen da ban taɓa gasa irinsa ba, Hashim ya sake yin abin kunya a gaban mutane.

Da gida ya yi sauƙi, Iya ta sa na wanke hannu da sabulu. Ta shinshina, ta ce in sake. Ta sa na zauna a bakin gado, ta gyara mini gwiwar hannu kamar ban taɓa haihuwa ba. Ma'u ta miƙo shi.

Na riƙe shi kamar tiren shayin da aka cika har baki. Ɗumi gare shi. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya yamutsa fuska, sai na ji wani ɗumin yana bin sabuwar jallabiyata har cinya.

Ma'u ta ce, "Kawo shi."

Na ce a'a, a bar shi ya gama.

Sunansa Alamin. Alamin Mato. Rubutun ya karkace. A bar shi haka.